Yadda za ki haɗa kiwon kajin gida da ɗan lambu a tsakar gida ki rage kuɗin cefane

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin cefane ya daina kai ko'ina, abin da maigida zai ajiye miki da safe kafin ki sayi tattasai da albasa da magi ya ƙare, balle a zo zancen nama. Shi ya sa mata da yawa suka koma kiwon kaji a gida, wasu kuma shuka a buhu, kuma abu ne mai kyau wallahi, sai dai yawanci ta inda bai kamata ba ake farawa. A je kasuwa a ga kaji da araha a kwaso, a zo a sake su a tsakar gida ba akurki ba rigakafi, can jikin katanga kuma an yafa alayyahu. Kafin ki ce me kaji sun tone alayyahun tas, hunturu na shigowa su ma su bi ɗaya bayan ɗaya, sai ki ji mace tana cewa ita ba ta da hannun kiwo. Ba hannu ba ne 'yar uwa, tsari ne ya kuskure. Kaji da lambu ɗaya ne ke ciyar da ɗaya, kashin kaji ya tafi lambu, ganyen lambu ya zo tukunya, ragowar tukunya ta koma wa kaji, amma su biyun ba a barinsu su haɗu ido da ido.

Akurki shi ne farko, kafin ki sayi ko tsako ɗaya. Ba sai na kafinta mai tsada ba, ragowar bulo da tsohon kwanon rufi da raga ta waya sun isa, ko na ƙasa irin na iyayenmu in za a buɗe masa tagogi. Taku biyu na tafiyar babban mutum a tsawo, taku biyu a faɗi, zai kwanar da kaji 10 ba matsi. Abin da ya fi muhimmanci iska ta riƙa shiga tana fita ta sama, don warin kashi in ya taru shi ke fara sa musu mura, amma ɓangaren da iskar hunturu ke bugowa, wato gabas maso arewa, ki toshe shi ko ki tanadi buhu da za ki riƙa saukewa da daddare. Ki ɗaga ƙasan ya fi tsakar gida tudu saboda ruwan damina, ki zuba buntun shinkafa ko dusar katako, ki gitta sanda ɗaya ko biyu a ciki don kaza ta fi son kwana a sama. Duk ramin da hannun yaro zai shiga to ɓera da gafiya da maciji za su shiga, muzuru da tunku kuma ƙofa suke jira a manta a buɗe. Ki sa kwaɗo, akwai mai ƙafa biyu shi ma. Kuma dan Allah kar a kwanar da kaji a kicin ko ƙarƙashin gadon yara da sunan sanyi, ba tsafta ba ce.

Wajen saye ki fara da kaɗan, sagara 4 ko 5 da zakara ɗaya, zakara ɗaya yana iya riƙe kaji har 10 don haka biyu a ƙaramin gida faɗa ne kawai da cin abinci. In da hali ki saya a hannun wadda kika san gidanta, maƙwabciya ko 'yan uwa a ƙauye, ya fi kasuwa nesa ba kusa ba, musamman daga Nuwamba zuwa Fabrairu, don a lokacin duk wanda ciwo ya shiga akurkinsa kasuwa yake rugawa da ragowar kafin su mutu a hannunsa, arahar da kike gani kenan. Ki ɗaga kazar ki ji nauyi, ki duba ido a bushe yake garau, hanci ba majina, ki juya ta ki duba gindi ba kashi manne da gashi, ki buɗa ƙarƙashin fiffike ko akwai ƙuma. Ko ta yi miki kyau ya ya, sabuwar kaza a ware ta sati 2 a kwando ko wani lungu kafin ta shiga cikin na gida, har wadda aka ba ki kyauta a gidan suna.

Ni dai shawarata kazar Hausa, tamu ta gida. Ba ta da yawan ƙwai, takan saka 10 zuwa 15 ta tsaya ta yi kwanci, sau uku ko huɗu a shekara, amma ita ke nemo rabin abincinta, ita ke ƙyanƙyashe miki ba inji ba wutar nefa, ga juriya. Akwai ShikaBrown da cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya ta samar don ƙwai, akwai FUNAAB Alpha ta jami'ar noma ta Abeokuta, ga noila da ta cika gari yanzu, duk sun fi ta gida girma da ƙwai, sai dai ba kasafai suke kwanci ba kuma in ba ki sayen abincin kamfani ba za ki ga abin da ake faɗa ba. In kin zauna da gindinki kina iya sa zakaran noila a kan kajin gida 'ya'yan su fito da ɗan jiki. Burola kuwa wani kiwo ne daban, na mai jari, ba shi nake magana a kai ba.

To yanzu rigakafi, nan ne gizo ke saƙar. Annobar da ke share kajin unguwa duk hunturu, wadda likitocin dabbobi ke kira Newcastle, kowa ya san kamanninta: kaza ta tsaya gefe ta saki fukafukai kamar ta yafa mayafi, tana gyangyaɗi, kashi ya koma kore-kore da fari yana zuba, numfashi da ƙyar baki buɗe, wata wuya ya murɗe tana kallon sama tana juyi. Ƙwayar bairos ce, ba ta da magani. Jan kafso da ake farkewa a ruwa, da barkono, da toka, da sassaƙen maɗaci, babu wanda ke kashe ta, wadda ta tashi bayan an ba ta su dama can mai tashi ce. Abin da ke aiki rigakafi ne tun suna lafiya, kuma shi ne abu mafi araha a duk kiwon. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana yin wani mai suna I-2, an yi shi ne musamman don kajin ƙauye saboda yana jure zafi fiye da sauran, ɗigo ɗaya ake yi a ido, babba da tsako duk ɗaya ne, a riƙe kan har ɗigon ya shige sannan a saki. Ana maimaitawa duk wata 4. In ba ki samu shi ba akwai Lasota a shagunan maganin dabbobi, shi a ruwan sha aka fi bayarwa: ki hana su ruwa kamar awa biyu da safe su ji ƙishi, ki haɗa da ruwan rijiya ko na burtsatse, ba na famfo mai sinadarin kulorin ba don yana kashe maganin, ki ajiye a inuwa su shanye cikin awa biyu, abin da ya rage a zubar a rami.

Abu biyu ke sa mutane su ce sun yi rigakafi kuma kaji sun mutu. Na ɗaya maganin ya mutu tun a hanya, an saye shi a shagon da firij ɗinsa ya kwana uku ba wuta, ko an jefa shi a jaka an zaga kasuwa da shi cikin rana. Ki tafi da ɗan fulas da ƙanƙara, daga shago sai gida. Na biyu an makara, sai da kajin maƙwabta suka fara faɗuwa aka tuna, alhali jikin kaza na buƙatar sati ɗaya zuwa biyu kafin rigakafin ya kama. Don haka Oktoba ne lokacinki, damina na ɗaukewa, sai Fabrairu, sai Yuni. Kwalba ɗaya ta kaji 50 ce ko 100 ko ma fiye, ta fi ƙarfin gida ɗaya, kuma in an buɗe ba ta ajiyuwa, sai ku haɗa kuɗi da matan layinku a yi rana ɗaya, dama kajin naku tare suke kiwo a bola ɗaya. In kuma kika wayi gari kaji da yawa sun mutu farat ɗaya ba dogon ciwo, fuska a kumbure tukku ya yi baƙi-baƙi, wannan kar ki taɓa da hannu haka, kar a yanka ragowar a ci, a sanar da ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukuma, don murar tsuntsaye tun da ta ɓulla a Jaji ta jihar Kaduna a 2006 tana dawowa lokaci-lokaci kuma tana kama mutum. Mushe kuma a binne shi da zurfi, jefa shi kan bola shi ke yaɗa ciwon ga kowa.

Abinci ba sai kin sayi buhu ba in kajin ba su wuce 10 ba. Dusar masara ko ta gero ko dawa da ta fito daga surfe, tsakin da ya rage a rariya, ƙanzo da aka jiƙa, shinkafar da yara suka rage, ganyen da kika tsince kika ware, duk nasu ne. Amma dusa zalla ciki kawai take cikawa, ƙwai da tsoka sai da abin gina jiki. Awo uku na dusa da tsaki, awo ɗaya na tunkuza ko waken suya da aka soya aka ɓarza, wannan haɗin ya wadatar. Tunkuza ta fi ƙuli-ƙuli saboda ba gishiri ba yaji. In akwai mai awara a kusa ki riƙa karɓar dusar da ta tace, sai dai ki sani ɗanya ce, kuma ɗanyen waken suya yana hana kaza narkar da abinci, sai kin turara ta ko kin soya a busasshen kasko kin shanya. Duk abin da ya yi funfuna, masara ko gyaɗa, zubarwa ake yi, gubar da ke ciki hanta take ci kuma tsaki ta fi kashewa. Ragowar miya mai gishiri da yawa ita ma ba ta tsaki ba ce. Tafin hannu ɗaya kowace kaza da safe kafin a buɗe su, wani da yamma a cikin akurki, wannan na yamman shi ke koya musu dawowa gida da kansu ba sai yara sun bi su da gudu ba. Ɓawon ƙwai kar ki yar, ki gasa shi a bakin murhu ki daka ya yi laushi ki barbaɗa a abinci, yana ƙara wa ƙwai ƙwari, amma in kika jefa musu shi yadda yake sai su koyi fasa nasu. Ruwa kuma kullum sabo, a inuwa, da bazara sau biyu.

Akwai dabarar gara da mutanen ƙauye suka daɗe suna yi wa tsaki da 'ya'yan zabi. A samu tsohuwar tukunyar ƙasa a cusa busasshen kashin shanu da totuwar masara da guntun kara, a yayyafa ruwa, a kife ta a inda gara ke bi da yamma, da sassafe a ɗaga a karkaɗe musu. Nama ne kyauta. Sai dai a yi shi nesa da ɗaki in rufin azara ne ko katako.

In kaza ta fara saka ki yi mata gurbi a lungu mai duhu, tsohon kwando ko fasasshiyar tukunya, ki zuba yashi da ɗan toka a ƙasa sannan ciyawa. Kullum ki kwashe ƙwan ki bar mata ɗaya, ki sa wa kowanne alama da fensir ko gawayi don ki san na farko da na baya, ki ajiye a wuri mai sanyi kusa da randa, tsinin yana kallon ƙasa, kuma ba a wanke ƙwan da za a ƙyanƙyashe. Ran da ta kwanta ta ƙi tashi, tana hura gashi tana saran hannu, sai ki zaɓi sababbi waɗanda ba su wuce sati ba, nata da na sauran kajin, ki sa mata 10, in babba ce 12, tsofaffin kuma a soya wa yara. Haɗama ce ke sa a jibga mata 15 ko fiye, ba ta iya rufe su, na gefe su huce ta juya su ciki na ciki su fito gefe, ƙarshe rabi bara-gurbi. Bayan kwana 7 zuwa 10 da daddare ki ɗauki fitilar wayarki ki manna ƙwan a kai cikin duhu, mai rai za ki ga jijiyoyi ja-ja sun bazu da ɗan baƙin ɗigo a tsakiya, wanda ya fito fes haske na ratsa shi ba komai ciki, cire shi kafin ya ruɓe ya fashe a gurbi. Kwana 21 take ƙyanƙyashewa. Ki ajiye mata ruwa da hatsi kusa don wata in kwanci ya kama ta har ramewa take. Da tsakiyar bazara, Maris zuwa Mayu, ƙwai ya fi lalacewa saboda zafi, gara a ci na lokacin a bar kwanci sai ruwa ya sauka. Da damina kuma ƙwan zabi ke cika kasuwa, in kin samu sabo daga hannun mai zabi ki sa wa kaza ta kwanta a kai, shi kwana 26 zuwa 28 yake yi, kuma kaza ta fi zabuwa iya raino.

Asarar da ta fi ta annoba yawa, kuma ba a lissafa ta saboda ɗaya-ɗaya take zuwa, ita ce ta tsaki. Kaza ta fito da 10, ta ja su cikin raɓa da kwata, shirwa ta ɗauki biyu, ɗaya ya faɗa bokiti, sanyi ya kashe uku, wata biyu sai ki ga saura huɗu suna bin ta. Maganin wannan kulle ne. Sati 4 zuwa 6 na farko uwa da 'ya'ya su zauna a ƙarƙashin babban kwando ko keji mai raga, a riƙa matsar da shi wuri mai tsabta, hantsi su sha rana kaɗan sannan a mayar inuwa. Nan ne kaɗai nake cewa ki cire kuɗi ki sayi abincin kamfani na tsaki, sitata, masu shago suna aunawa a kwano ko kilo ba sai buhu ba, in babu kuma tsakin gero mai laushi da dafaffen ƙwai da garin tunkuza. Ruwansu a faranti marar zurfi, ki jera tsakuwa a ciki yadda ko sun shiga ba za su jiƙe ba. In sun yi gashi sun kai sati 6 ki janye uwar ta koma cikin manya, za ki ga ta dawo saka da wuri, maimakon ta yi wata uku tana yawo da su.

Ƙuma da ƙwarƙwata kuwa, ki tanadi wani lungu busasshe ki zuba toka da yashi su riƙa birgima, ki share akurki duk sati ki barbaɗa toka a ƙasa da lunguna, ciyawar gurbi a ƙone ta bayan kowane kwanci. Fiya-fiya ba ta da wuri a akurki, tana kashe tsaki kuma guba ce ga mai fesawa. Da damina in kin ga kashi da jini a tsaki to danshi ne ya jawo, a sauya shimfiɗa a nemo maganin da ake kira amfuroliyam a shagon dabbobi. Duk kazar da aka ba magani a duba kwanakin da aka rubuta a jikin takardar kafin a ci ƙwanta ko namanta.

Sai lambu. Shinge tukuna kafin iri, kamar yadda akurki ya riga kaza. Dangar kara, zana, ko tsohon gidan sauro da aka ɗaure a sanduna aka danne ƙasansa da bulo, duk suna yi, gidan sauron ma har fara da tsuntsaye yake tarewa. Wurin ya zama yana samun rana aƙalla rabin yini. In siminti ne a gidan ko haya kike, buhunan shinkafa ko na siminti da aka wanke, tsofaffin bokitai da jarkoki da aka yanke, ki huda ƙasansu ruwa ya riƙa fita, ki ɗora a kan bulo. Ƙasa awo biyu, yashi awo ɗaya, ruɓaɓɓen taki awo ɗaya. Na ce ruɓaɓɓe, don ɗanyen kashin kaji zafi gare shi, yana ƙone shuka cikin kwana biyu ganye ya yi kamar an watsa masa tafasasshen ruwa, ga ƙazanta a ganyen da za a ci. Sharar akurki da buntun da ke ciki ki tara a rami ko buhu a bayan gida, ki haɗa da ɓawon kayan miya da busasshen ganye, ki ɗan yayyafa ruwa kina juyawa lokaci-lokaci, wata 2 zuwa 3 zai yi baƙi ya daina wari, ya koma ƙamshin ƙasa, to ya nuna.

Kar ki ce sai kin shuka komai. Ki shuka abin da kike saye kullum da ƙananan kuɗi kuma yake saurin yaushi. Alayyahu ne sarkin sauri, irin ƙanana ne sosai sai ki cuɗa da yashi ki yafa don kar ya taru wuri ɗaya, sati 3 zuwa 4 kin fara yanka, kuma yanka za ki yi ki bar tsawon yatsa ya sake tohowa, ba tugewa ba. In kina yafa sabon buhu duk sati biyu ba za ki yanke ba. Rama da yakuwa da lalo ba su da fitina da damina. Kuɓewa ƙwaya biyu a rami, wajen wata biyu ta fara, ki riƙa tsinka duk kwana biyu ko uku tun tana ɗanya shataf don in ta tsufa a jiki uwar sai ta rage haihuwa. Attaruhu da tattasai a fara renonsu a ƙaramin kwano sati 5 ko 6 sannan a dasa da yamma, buhu ɗaya gindi ɗaya. Gindin albasa mai saiwa da kike yankewa ki yar, tsoma shi a ƙasa zai ba ki lawashi. Ɗaɗɗoya da na'a-na'a a bokiti ɗaya-ɗaya sun ishi gida. Kabewa ki shuka ta a gindin akurki ta waje, ki kāre gindin da ƙaya ko raga, ta hau rufin ta yi wa kaji inuwa ke kuma ki samu ta taushe.

Zogale kuwa ko gida ya kai ƙanƙantar me a samu gindi biyu. Reshe mai kauri ake yankowa a kafa, ko a shuka ƙwaya, ba ya son ruwa ya kwanta masa. Kuskuren da ake yi barinsa ake ya miƙe sama ya wuce katanga sai an sa gora, alhali in ya kai ƙugu aka datse kan sai ya yi rassa ya cika da ganye a inda hannu ke kai. Ki ci ɗanye, ki shanya a inuwa ki adana, sandunan da kika zage da ganyen da ya yi rawaya ki rataya wa kaji a akurki su yi ta tsattsaga, har kwaiduwar ƙwai sai ta ƙara ja.

Ruwan ban shuka ba sai kin saya wajen mai garuwa ba, ruwan wankin shinkafa da na hatsi da na ganye, da na alwala in an tara a baho, duk suna yi. Na omo da na bilic da mai maiƙo ne ba a zubawa. Da sassafe ko bayan la'asar, a gindi ba a ka ba, ki rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa don kar ta bushe da wuri. In ƙwari sun sa kai, 'ya'yan darbejiya ko ganyenta ki daka ki jiƙa ya kwana, ki tace ki yayyafa da yamma har ƙarƙashin ganye, sai a bar kwana biyu a wanke sosai kafin a ci saboda ɗaci.

Tumatir ni ban cika ba da shawarar a wahala da shi a buhu ba, ga ciwo da damina ga tsutsar nan sharon da ta cinye gonakin Kano da Kaduna da Katsina a 2016. Dabarar tumatir a saye take. Daga Janairu zuwa Maris lokacin da na Kadawa da Kura ke sauka kwando-kwando har yana ruɓewa a kasuwar 'Yankaba ta Kano, ki sayi mai yawa ki yanka ki shanya a kan tabarma mai tsabta a sama, ba a ƙasa inda ƙura da kajin naki za su bi ba, ki yi kauɗa, haka tattasai da kuɓewa. In damina ta zo ana sayar da guda huɗu a faranti sai ki jiƙa naki da ruwan zafi ki niƙa da albasa. Hatsi da wake kuma da kaka ake saye, Nuwamba da Disamba, ko a Dawanau ko kasuwar ƙauye mafi kusa, ko da tiya biyar-biyar ne in kuɗin bai kai buhu ba. Wake a shanya shi ya bushe ƙarau a zuba a jarka a cika ta har wuya a toshe da leda a murɗe, ko a buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, ƙwaro in ba iska mutuwa yake, ba sai an sa masa guba ba. Kuma sayen hatsi da kai surfe da kanki yana nufin dusar taki ce, ki ce wa mai inji ya haɗo miki da ita.

A murhu ma akwai inda kuɗi ke zurarewa. Wake a jiƙa shi tun dare, zai rage cin gas ko gawayi. Shinkafa ko wake in ya tafasa sosai ya ɗauko nuna, ki sauke da murfinsa ki naɗe tukunyar da tsohon bargo ki sa a kwali, zai ƙarasa da zafinsa. Tuwon dare a yi shi da ɗan yawa saboda ɗumame, kuɗin burodin safe ya huta. Tsohuwar kazar da ta daina saka kuwa kar ki soya ta, ɓarna ce, tauri za ta yi kuma zama ɗaya za a cinye. Ki dafa ta a hankali da albasa da citta da kanumfari da masoro da daddawa har ta yi laushi, ki raba romon biyu. Rabi farfesu, rabin kuma ki soya ɗan jajjagen attaruhu da albasa da kauɗar da kika jiƙa, ki juye romon, ki dama markaɗaɗɗiyar gyaɗa kamar ludayi biyu ki zuba kina juyawa don kar ta kama, in ta yi kauri mai ya taso sai ki zuba zogalen da kika riga kika tafasa kika tsane, minti kaɗan ki sauke. Da tuwon masara ko na shinkafa, gida guda zai ci har a rage na safe. Ranar da ba nama kuma kwaɗon rama ko na zogale da ƙuli, ko dambun tsaki da zogale, ko ɗanwake da dafaffen ƙwai ɗaya-ɗaya a kan na yara.

Zakaru in sun kai wata 5 zuwa 6 ba sa ƙara wani girman kirki, ci kawai suke, don haka ki lissafa kwancin da zai sa su isa daidai ƙaramar salla ko Kirsimeti lokacin da kazar gida ke tsada, ki sayar ki bar mata. Sabo da kaza dai ba ya hana yanka. Zakaran gidan ma a sauya shi duk shekara, ki yi musaya da wata daga wata unguwa, don in yana hawa 'ya'yansa tsakin sai su riƙa fitowa ƙanana marasa ƙwari. Kuɗin da ya shigo ki fara ware na rigakafi da na sitata kafin a shiga adashe da shi.

In gidan haya ne ki nemi izinin mai gida da na sauran 'yan haya tun kafin ki kafa akurki, kuma ki yi shi nesa da tagar mutane da rijiya. Kazar da ta koyi haura katanga tana shiga shanyar maƙwabta, ki kama ta da daddare ki buɗe fiffike ɗaya ki rage dogayen gashin bakin da almakashi, ɗaya kawai ba biyu ba, ba ya mata zafi in ba ki kai tushe ba, sai an sake yi in ta sauya gashi.